Mako Shida a Chiang Mai da Ɗan Littafin Lissafina

Kafin tafiyar nan, iyakar sanina da Tailan shi ne buhun shinkafa. Mu takwas muka je aikin bishara na mako shida a Chiang Mai, babban birnin arewacin ƙasar, kuma ni kaɗai ne ɗan Najeriya. Aikin ba wuya a baki: da yamma mu zauna da ɗaliban jami'a a wata ƙaramar majami'a kusa da makaranta, su gwada Turancinsu a kanmu, mu ci abinci tare, wanda ya nuna sha'awa mu buɗe Littafi Mai Tsarki da shi. Ikilisiyarmu ta gida ce ta yi mini karo-karon kuɗin jirgi, har zumuntar mata sai da suka sa hannu. Saboda haka na tafi da ɗan littafi a aljihu, da niyyar dawo musu da lissafin rayuka.

Na farko da na rubuta wani ɗalibin injiniya ne ɗan aji biyu, cikin farar riga da baƙin wando, domin a can har 'yan jami'a suna sa kayan makaranta. Na saya mana khao soi, wata taliya cikin romon kwakwa da yaji. Na zana masa gada a takardar goge hannu, mutum a wannan gaɓa, Allah a waccan, gicciye a tsakani. Na ce ko zai bi ni mu yi addu'a? Ya haɗa tafin hannu, ya sunkuyar da kai, ya maimaita duk abin da na faɗa. Kafin mako na biyu ya ƙare ina da suna 11.

Mai kula da aikin ɗaliban wata 'yar ƙasar ce da ta manyanta, kowa na ce mata Ajan, wato Malama. Na nuna mata littafin ina jin kaina. Ta duba, ta yi murmushi, ta ce nawa ne a cikinsu suka zo sujada ranar Lahadi? Ko ɗaya.

"Ƙanena," in ji ta, "kai baƙo ne, ka girme shi, ka kuma saya masa abinci. Da wane bakin zai ce maka a'a?"

Suna kiran abin kreng jai: ka danne abin da ke ranka don kada ka ba wani kunya ko ka ɗora masa nauyi. Tana cikin bayani kunya ta rufe ni, don ai kara ce tsagwaronta. Ni da na tashi inda "to, sai na duba" ke nufin an ƙi, ni da na sha yi wa baƙin masu wa'azi dariya in sun zo ƙauyukanmu suna ƙirga hannuwan da aka ɗaga, ga shi na haye teku na yi irin nasu. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Kalmomin ma da nake taƙama da su ba su isa inda na aike su ba. Wata ɗaliba ta saurari alkawarin rai madawwami a Yohanna 3:16, ta ce, "Phi, me ya sa mutum zai so abin da ba ya ƙarewa?" (Phi yaya ke nan, ƙane kuma nong, ba a kiran wanda ya girme ka da suna gatsau, kamar dai a gida.) A koyarwar Buddha ta Therawada da ake bi a can, a haife ka, ka mutu, a sake haihuwarka, wannan zagayen shi ne wahalar, mafita kuwa a fice daga cikinsa gaba ɗaya. Abin da na miƙa mata a matsayin albishir, a kunnenta ɗaurin rai da rai ne.

Amma inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar ɗalibin injiniyan nan. Bayan na daina bin sa da takarda, ya gayyace ni hawan Doi Suthep, dutsen da ke bayan jami'ar, mai haikali a samansa da matakala sama da 300. Duk shekara sababbin ɗalibai kan taka da ƙafa har can. Muna hutawa a hanya ya ce yana son labarin Yesu, musamman yadda ya taɓa kuturu. Sai ya yi shiru, can ya ce shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. A al'adarsu saurayi kan aske kai, ya sa mayafin sufaye na 'yan makonni ko watanni, ladan kuwa iyaye ake yi wa, musamman uwa, tunda ita ba ta da wannan damar. "Phi, in na zama Kirista, wa zai yi wa mamata?"

Ba ni da amsa, amma na san ciwon. Sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya Buddha ne, Kiristoci kuwa wajen kashi 1 ne. Da yawa na ganin zama ɗan Tailan da bin Buddha abu ɗaya ne. Ni kuma tun ina firamare ake tambayata, wai da gaske ni Bahaushe ne kuma Kirista? Na ba shi wannan labarin, da yadda kakana ya yi shekaru ba a cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Ranar ce muka fara hira ta gaskiya, kuma babu abin da zan iya rubutawa a littafi.

Daga baya Ajan ta ba ni tarihin wurin. Daniel McGilvary, ɗan mishan daga Amurka, ya iso Chiang Mai a 1867, bai yi wa kowa baftisma ba sai a 1869. A shekarar ce kuma sarkin garin ya sa aka kashe biyu daga cikin masu bi na farko, sai a 1878 aka fitar da dokar 'yancin addini a zamanin Sarki Chulalongkorn. Mutum ya yi kusan shekara biyu kafin ya sami ɗaya, ni kuwa 11 a mako biyu!

A ganina amfaninmu mu 'yan mako shida bai wuce na mai shela ba. Baƙuntarmu da Turancinmu ke jawo ɗalibai su leƙo, amma wadda za ta je asibiti in mahaifin wani ya kwanta, ta zauna da su lokacin jarrabawa, Ajan ce. Har yau ina auna kuɗin jirgina da watannin da zai riƙe ma'aikaci irinta, kuma lissafin ba ya yi mini daɗi. Makonnin ƙarshe dai wanke kwanuka na fi yi, da koyon gaisuwarsu ta "ka ci shinkafa?"

Da na dawo na tsaya gaban dattawan ikilisiya, wani ya ce, "Ɗana, rayuka nawa?" Na ce, "Baba, na rubuta 11, na soke su duka." Ɗakin ya yi tsit, sai shugabar zumuntar mata ta ce in ba su sunan yaron nan da mamarsa, za su sa a addu'ar Laraba. Wata huɗu bayan haka yaron ya turo mini hoto ta manhajar saƙo ta LINE, kai a aske ƙwal, cikin mayafi ruwan goro, mamarsa a durƙushe a gefensa tana dariya. A ƙasa ya rubuta cewa ya kai babi na 15 a Luka, yana tambaya me ya sa a misalin ɓataccen ɗa babban wan ya ƙi shiga gida.