Tsohon soja da gonar dankali a Filato

Ina cikin sojojin da aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na kuma ƙare aikina a barikin Rukuba da ke Jos. Gidanmu gidan noma ne, don haka da na ajiye kaki gona na nufa. Masu shirin ritaya suna yawan tambayata ta ina za su fara, ni kuwa amsata ba ta canzawa: kuɗin sallama sau ɗaya yake zuwa, gona kuma kowace shekara sai ta ci kuɗi.

Maganar fili ce farko. Gonar gado da ka bari kana saurayi, ƙannenka ne suka yi shekaru suna zuba mata taki. Kada ka shigo da muryar fareti. A zauna gaban dattawan gida da mai unguwa, a nuna maka iyakarka, a rubuta, a sa hannu. 'Yan ƙwadago ma ba kuratan soja ba ne. Ka daka musu tsawa yau, gobe suna gonar maƙwabcinka. Biyan jinga a kan kowace kunya ya fi biyan yini zaman lafiya.

Kuɗin sallamar na kasa shi uku: na gyaran gida, na noman shekarar farko, da wanda ba a taɓawa sai an yi asara. Fansho na wata-wata na cefane ne da kuɗin makaranta. Mutum ya fara da rabin hekta, ko da filinsa ya fi haka.

Dankalin Turawa na zaɓa, don sanyin Filato ya karɓe shi, kuma cikin wata uku ake tonawa. Na damina ana shuka shi daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Hekta ɗaya tana cin iri kusan tan 2, wato rabin hekta tan 1, kuma iri ne ke cinye kaso mafi tsoka na jari. A nemi mai girman ƙwan kaza, wanda ya fitar da tsiro gajere mai kauri. Dogon farin tsiro alama ce an ajiye shi a duhu, yana karyewa tun a buhu. Irin da aka tsinta a kasuwa ba a san gonar da ya fito ba, sau da yawa da cutarsa yake zuwa. Tashar binciken dankali da ke Kuru tana nan kusa, a je a yi tambaya kafin a saya. Nicola da Marabel suna cikin ire-iren dankalin da aka saba da su a nan.

Tsakanin kunya da kunya santimita 75 zuwa 90, tsakanin rami da rami 30, zurfi kamar 10. Ina zuba takin kaji da ya huce tun wajen huɗa, sannan takin zamani NPK 15:15:15 lokacin shuka, a gefe, kada ya taɓa irin. Bayan mako huɗu zuwa biyar a yi ciyawa a ƙara tara ƙasa a gindi, domin duk dankalin da rana ta gani kore yake zama, ba ya sayuwa kuma ba ya ciyuwa.

Inda tarbiyyar bariki take biyan mutum shi ne wajen cutar bilait, mai ƙona ganyen dankali. Tana son hazo da yayyafi, irin na Yuli da Agusta. Takan fara da ɗigo baƙi-baƙi a bakin ganye kamar an zuba masa ruwan zafi, in ka juya bayan ganyen da sassafe ka ga farin gashi-gashi. Cikin mako guda tana iya ƙone gona kaf. Mai jiran ya gan ta kafin ya yi feshi ya makara. Ana fara fesa maganin mancozeb tun ganye bai rufe kunya ba, duk bayan kwana 7, gwargwadon da aka rubuta a jikin leda, a jiƙa har ƙarƙashin ganye. In ta riga ta ɓulla, sai a koma ga mai haɗin metalaxyl, irin su Ridomil. Ni a littafi nake rubuta ranar feshi, kamar jadawalin gadi, biki ko jana'iza ba ya ɗaga ta.

Akwai wata cutar kuma da feshi ba ya yi mata komai. Shuka ta yanƙwane alhali ƙasa na da laima. Yanki karan ka tsoma a ruwa cikin kofin gilashi. In farin abu ya riƙa zarowa kamar zare, ita ce. A tuge shukar da ƙasar gindinta a fitar daga gona, wurin kuma a ba shi masara ko acca na wasu shekaru. Tumatir da barkono da yalo dangin dankali ne, ba sa hutar da ƙasa.

Jiki ma a yi lissafi da shi. Injin feshi na goyo lita 16 ne, gadon bayan da ya sha ɗaukar kaya a daji ba zai yi yini da shi ba. A ɗauki yaro, a ba shi takalmin roba da abin rufe hanci, kai ka tsaya kan awo da haɗi.

Kwana 10 zuwa 14 kafin tono a yanke ganyen don fatar dankalin ta yi ƙwari, in ba haka ba tana saɓulewa a buhu, dillalan kasuwannin Maikatako da Farin Gada su karya maka farashi. A tona ranar da babu ruwa, a bar shi ya sha iska a inuwa. A ware irin baɗi daga shukokin da suka fi lafiya, a shimfiɗa shi a kan katako a ɗaki mai iska da haske kaɗan.

Noman rani ya fi kuɗi, don bilait tana sauƙi kuma kaya na tsada. Ana shuka shi wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a bakin rafi ko tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Sai dai yana buƙatar injin ban ruwa da tiyo da man fetur na wata uku, don haka ribar damina ce ya kamata ta saye su, ba kason da aka ajiye ba.