Cinikin ƙaramar mota a Sakkwato

Makon jiya na je wurin wani dillalin motoci domin sayen ƙaramar Toyota Yaris, saboda tsadar fetur ta sa na haƙura da babbar mota. Bakanikena ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya bar injin yana aiki da tsakar rana, domin zafin Sakkwato yakan tona asirin lagireto mai matsala. Da na taya, dillalin ya ce, "Albarka, Alhaji." Sai bayan ya sallama ya ambaci la'ada da kuɗin lamba, abin da ya ɓata mini rai matuƙa. Ban biya ba sai da na ga takardun kwastan, na gwada lambar da ke cikinsu da ta jikin motar.