Hannun da na sa da ƙarfe 11 na dare

Makon nan na ajiye aikin, bayan shekara shida ina harhaɗa wuraren zaman 'yan kallo na wucin gadi, irin wanda ake ɗaurewa da ƙarfe da noti, a gama gasa a kwance a loda a tirela. Abu ɗaya ne dai har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Jajibirin wani wasa ne. Da rana na zagaya sitand ɗin, wato wurin zaman 'yan kallon, komai daidai da zane, da dare sai ga kiran oga wai in zo in sa hannu a takardar miƙa aiki masu gasa na jira. Na ce bari in sake zagayawa, ya ce "Haba injiniya, ba ɗazu ka duba ba?" Na sa. Ashe bayan tafiyata 'yan talabijin sun cire ƙarfen gicciye guda biyu a ƙasa don su ja wayoyinsu, masu talla kuma sun lulluɓe bayan sitand ɗin da wata ƙatuwar bana, wato ƙyallen talla. Ƙarfen gicciyen nan fa shi ke hana abin yin gefe in jama'a suka hau tsalle tare, bana kuma ta mai da inda iska ke ratsawa ya koma bango da take turawa, kuma sam babu ita a lissafinmu.

Wani dattijo cikin masu ɗauri ne ya hango da asuba ya kira ni, muka mayar kafin a buɗe get, Allah ya rufa asiri. A mitin ogan nan ko kunya babu, cewa ya yi "wa ya sa hannu?"

Mu da tun a makaranta aka karantar da mu Furiani, sitand ɗin da aka kafa cikin gaggawa a Bastiya ta Faransa ya rufta ranar 5 ga Mayu 1992 kafin ma a take wasa da Marsel, aƙalla mutum 18 suka rasu, sama da 2,000 suka jikkata. Na sani sarai, kunyar oga ce kawai ta ci ni.

Sauran darussan da na koya ƙanana ne. In an yi ruwa ka duba katakon ƙarƙashin kowace ƙafa ko ya nutse. Na'urar auna iska a saman sitand take, ba a ofis ba. Ka ɗau hoto mai lokaci a jiki kafin ka sa hannu.

Ranar sallama ogan ya yi jawabi wai ya horar da ni, na yi murmushi kawai. Dattijon nan na je na yi wa godiya.