Na gama sitaj wajen masu yaƙi da fara, ga abin da ya rage min a rai

Duk wanda za a tura shi daji feshin fara a arewacin Tahoua, wajajen Abalak ko Cintabaradan, ya fara tambaya wane magani aka zuba mai a fanfo, kuma shef ɗinsa ya san yadda maganin ke aiki ko bai sani ba. Nawa shef bai sani ba, ni na sha kunyar.

Ni diflubenzuron aka ba ni. Wannan ba irin fenitrothion ba ne da za ka fesa da safe kafin la'asar ka ga gawa. Ita fara ƙashinta a waje yake, ɓawon nan mai tauri, mai ɗauke da sinadarin da ake kira kitin, shi ke riƙe da ita, kuma ba ya girma tare da ita, dole ta yi saɓa ta fito daga tsohon, 'ya'yan farar ɗango in suna cikin garke sau 5 suke yi kafin su yi fiffike. To maganin nan ciyawa ake fesa ma shi, ta ci, ya hana ta haɗa sabon ɓawo, sai ranar saɓa ta zo ta mutu. Kafin nan kuwa tana ta tsallenta kamar ba a yi komai ba.

Shef ya zo ya tarar suna tsalle. Gaban maigari da manoma ya ce "kai yaro, ruwa ka fesa ko, ina ka kai maganin?" Na ce Shef a yi haƙuri a jira su yi saɓa, ya ce ba karatun lakkol ya zo ji ba. Wallahi har a rapor ya rubuta wai akwai shakku kan litocin da aka ba ni, ni da ko kuɗin mota ban taɓa ci ba.

Da lokacin ya yi na koma wurin ni da wani birgadiye, wato ɗan ƙauye da aka horar kan feshin magani. Gindin kowace ciyawa ga su nan, rabin jiki ya fito rabi ya maƙale cikin tsohon ɓawo, ƙafafu sun lanƙwashe, sabon jikin laushi tuɓus, ka taɓa da tsinke ya fashe. Na ɗauki hoto na tura mai a WhatsApp, ya buɗe, shiru. A taro kuma shi ya tashi yana bayanin nasarar da "ekip ɗinsa" ta samu, layin nan na rapor dai yana nan ba a goge ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Fara in ta yi fiffike ta gama saɓa, kar ka ɓata wannan maganin a kanta. Kuma tokar da tsofaffi ke cakuɗawa da wake a rumbu ba camfi ba ce, kakin da ke bayan ɓawon ƙwaro take lalatawa, ruwan jikinsa ya tsere ya bushe.

Kai da za ka maye gurbina, duk litar da ka karɓa a sa maka hannu a takarda, ka ajiye kwafi a gidanku, ba a biro ba.