Rim ya zauna daram, motar ta ƙi ja

Duk dilan rim da ya ce maka "ai huji biyar ne, zai shiga", ka damƙe kuɗinka tukuna. Shiga kam zai shiga. Motar Nissan 350Z hujinta 5x114.3 ne, wato huji biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, irin na Camry da Accord da suka cika gari, don haka rabin rim ɗin da ke kasuwa za su hau kanta. Abin da ke biyo bayan hawan shi ne ya cinye mini kuɗin tayoyi biyu, kuma har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Tawa ƙirar 2004 ce, mai giyar hannu. Ta zo da rim ɗinta na kamfani, inci 18, faɗi inci 8, duk sun sha karo da bakin kwalbati. Na daɗe ina lissafi kafin in canza, kuma ɓangaren rim bai ba ni wahala ba. Na ɗauki 18x9.5 guda huɗu, ofset +22, wato lambar da ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, wadda za ka gani an buga a bayan rim kusa da haruffan ET. Na kamfani a gaba +30 ne, ka ga ke nan sabon ya fito waje da milimita 27, ya daidaita da bakin bodi ba tare da ya goga ba. Ramin tsakiyarsu milimita 73.1 ne, na motar kuwa 66.1, sai na sa zoben cike gurbi, don in babu shi sitiyari kan kama rawa da zarar ka miƙe hanya. Noti ma na zo da nawa, saboda zaren Nissan 1.25 ne, na Toyota da Honda 1.5, kuma yaran shago ba ruwansu, da ƙarfi za su murɗa maka shi har su cinye zaren.

A wajen taya aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Na je da lambobi biyu a takarda, na gaba daban, na baya daban. Dilan ya duba ya yi murmushi. Ya ce, "Haba Alhaji, rim huɗu kai ɗaya, me zai sa ka raba taya? Ka ɗauki 245/40 guda huɗu, gobe in na baya sun ci ka mayar da su gaba. Haka 'yan tsere suke yi." Sababbi ne fil, da lambar sati da shekara a gefensu, ba irin na gwanjo masu hoton ƙanƙara ba, waɗanda aka yi don hunturun Turai ake kawo mana su ƙasar da kwalta ke narkewa. Maganarsa ta yi ma'ana, girman da nake so na baya kuma babu shi a shagonsa, abin da sai daga baya na gane shi ne ainihin dalilin wannan nasiha.

Motar ta yi kyau, wannan ba musu. A shatale-talen farko na fito daga kwana a giya ta biyu, na ɗan taka totur, sai wutar SLIP, mai nuna taya na sulɓi, ta fara ƙyaftawa a dashbod, injin ya noƙe kamar an shaƙe masa wuya, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya dawo. Titi a bushe, ba yashi, ba mai. Na ce ƙila santsin sabuwar taya ne. Bai daina ba. Fitowa daga layi zuwa babban titi, hawa gada, canza giya da ɗan zafi, duk sai ta riƙe ni. Ranar da ta yi mini haka ina ƙoƙarin wuce tirela, da wata mota tana tahowa a gabana, ranar na ajiye ta.

Daga nan aka shiga zagaye. Bakanike na farko ya ce filogi, aka canza. Na biyu ya ce famfon mai. Rewaya ya jona mata kwamfuta, ba ta nuna komai ba, amma duk da haka ya ce a sayi sansar ABS ta baya, wato mai auna juyawar ƙafa don birki. Ba wanda ya sunkuya ya kalli taya, don taya sabuwa ce, wa zai zarge ta?

Wani dattijo mai faci ne ya warware mini, wurin da na tsaya ƙara iska. Ya zagaya motar, ya shafa lambar tayar gaba da yatsa, ya je ya shafa ta baya, ya ce, "Ɗana, buɗe ƙofar direba." A jikin ginshiƙin ƙofar akwai 'yar takardar kamfani: 225/45R18 a gaba, 245/45R18 a baya. Ya ce, "Kai faɗi kake kallo. Ta baya ta fi ta gaba tsawo."

Ga lissafin, don a nan maganar take. Lamba ta biyu a jikin taya, wato 45 ɗin nan, kaso ne na faɗinta, shi ke ba ka tsayin gefe. Idan ka haɗa da rim, tayar gaba ta kamfani tsayinta kusan milimita 660 ne, ta baya kusan 678. Bambancin milimita 18, kusan kashi 3 cikin ɗari. Ma'ana, a kowane gudu tayoyin baya suna juyawa a hankali kaɗan fiye da na gaba, kuma na'urar VDC, wadda ke hana mota zamewa, da wannan bambancin aka saita ta. Tana ƙirga juyawar kowace ƙafa ta hanyar sansar ABS. Ni kuwa 245/40R18 ɗina duk huɗun 653 ne. Na baya sun riƙa juyawa da sauri fiye da yadda take tsammani, tun kafin in taɓa totur ta riga ta ɗauka sun fara sulɓi. Ƙiris na ƙara sai ta yanke ƙarfin injin. Motar lafiyarta ƙalau, aikinta take yi.

Abokai sun ce in danna VDC OFF in huta. Maɓallin yana nan, amma duk sanda ka tayar da mota sai ka sake dannawa, kuma mota mai ƙarfin doki 287 da ke tura kanta da ƙafafun baya, a damina, a titin da yashi ke kwanciya a kwana, ni ban ga wayon kashe abin da zai cece ni ba don kawai in kare shawarar mai shago.

Na yi odar 275/40R18 guda biyu daga Legas. Tsayinsu 677, kusan daidai da na kamfani, kuma sun zauna lafiya a kan faɗin 9.5. Na bar 245/40 a gaba. Tun daga ranar wutar SLIP ba ta sake kamawa ba sai in da gaske baya ya zame, kuma motar ta fi da riƙe ƙasa wajen fitowa daga kwana. Yanzu kafin in tambayi farashin taya sai na fitar da tsayin ta gaba da ta baya a waya, in ga tazarar tana kusa da kashi 3 ɗin nan.

Na mayar wa dilan biyun da na cire, ya ce sun taɓa ƙasa, ba ya karɓa, sai dai ya saya a farashin gwanjo. Na ɗauko abina. Suna ɗaki nannaɗe da buhu, nesa da rana. 350Z ta 2003 da 2004 dama an san ta da cin gefen ciki na tayoyin gaba, don haka za su yi amfani, in dai ba su bushe kafin lokacin ba. Kuɗin filogi da sansar da ba ta da laifi kuwa, waɗannan sun tafi.