Yadda Ake Buɗe wa Kiɗan Rok Fili a Wajen Haɗa Sauti

Matasan da ke haɗa sauti a ƙananan situdiyo na Sakkwato sun fi sabawa da waƙoƙin da fiyano ke ɗauke da kiɗansu, shi ya sa idan aka kawo musu kiɗan rok, inda jitar lantarki da bes (jita mai kaurin sauti) da ganguna ke tafiya tare, sai a ji komai ya cunkushe wuri guda. Abin yana damuna ƙwarai, domin jita ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kiɗan Buzaye na Agadez ya daɗe yana shigo mana daga Nijar, kuma duk wanda ya saurare shi ya san jita tana son sarari.

Da yawa suna ɗauka cewa amsa-kuwwa ce kaɗai ke kawo faɗi, sai su zuba ta a kan kowane kayan kiɗa. A ganina, aikin yana farawa ne da ragewa. A yanke wa jita duk sautin da ke ƙasa da Hz 100 (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramin adadi sauti mai kauri, babba kuma siriri), a bar wa bes da babbar ganga wannan gurbin. Sannan a ɗauki sautin jitar sau biyu, a tura ɗaya hagu, ɗaya dama, murya kuma ta zauna a tsakiya.

Bayan haka ne amsa-kuwwa take da amfani, kuma aikinta shi ne nuna abin da ke kusa da abin da ke nesa. Idan aka jinkirta shigowarta da milisakan 30 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya) bayan mawaƙi ya furta kalma, muryarsa za ta tsaya a gaba tangaran, amon kuma ya biyo daga baya. Akwai dabarar da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan: a yanke wa amon abin da ke ƙasa da Hz 600 da abin da ya haura Hz 10,000, don kada ya dagula kiɗan. Na fi son amon faranti a kan ƙaramar ganga, wato kwaikwayon na'urar EMT 140 da aka ƙera a Jamus a 1957, wadda faffaɗan ƙarfe ne ke girgiza a cikinta.

Maimaicin sauti kuwa, wato na'ura ta sake maimaita sauti bayan ɗan jinkiri, lissafi yake buƙata. A raba 60,000 da yawan bugu a minti. Waƙa mai bugu 120 za ta ba da milisakan 500, maimaicin ya sauka daidai kan kiɗa.

Kafin a miƙa wa mai waƙa aikinsa, lallai a saurare shi a waya mai lasifika ɗaya, domin da irinta yawancin mutanenmu ke sauraro, a shago ko a majalisa. A nan hagu da dama ke haɗewa, kuma idan jitar ta dushe ko murya ta nutse, sai a koma a rage amon.