Buhun da Na Yafa wa Babur

Shekara bakwai na yi ina acaba a Kano kafin Janairun 2013. Ranar 19 ga wannan watan aka kai wa ayarin Sarkin Kano, marigayi Alhaji Ado Bayero, hari, kuma ba a yi mako guda ba gwamnati ta hana goyo a babur. Na jingine nawa a zaure, na yafa masa tsohon buhu, kamar jibi zan yaye in fita.

Wata uku ban tsinana komai ba. Kullum muna gindin darbejiya, mu tsofaffin 'yan acaba, kowa da labarin da ya jiyo: ai an ce mako mai zuwa za a janye dokar. Zaman yana da daɗi, domin duk wanda ka kalla ciwonku ɗaya. Amma a cikin watannin nan uwargida ta sayar da akuyarta, ni kuwa ko na cefane ba na ajiyewa.

Kawuna, tsohon direban babbar mota, shi ya tare ni wata rana bayan la'asar.

"Ɗana, me aka ƙwace maka?"

"Sana'ata, Kawu."

"Goyo aka hana. Lungunan da ka haddace daga Kurna zuwa Kantin Kwari fa, su ma an kwashe su daga kanka?"

Raina ya ɓaci, na ce a zuci wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Sai da dare na tsinci kaina ina lissafi. Na san gari kamar tafin hannuna. Na iya kwance inji in mayar. Akwai 'yan kasuwa kusan goma da suke ba ni saƙon kuɗi ba tare da sun ƙirga a gabana ba. Wata uku ina ƙirga abu ɗayan da ya tafi, ban taɓa waiwayar waɗannan ba.

Na sayar da babur, na karɓi Adaidaita Sahu a hannun wani, ina kai masa balas, wato kuɗin hayarta, kowace yamma. Farkon abin wahala ce zalla. Ƙafa uku ba ta kurɗawa inda ƙafa biyu take bi, cunkoson shataletalen Bata kuwa sai dai haƙuri. Ɗan acaba mutum ɗaya yake tunani. A nan dole ka haɗa fasinja uku masu hanya ɗaya, in ba haka ba mai ya cinye ribar. 'Yan kasuwar nan na Kantin Kwari su suka tsamo ni, na koma ɗaukar musu dilar atamfa zuwa tasha.

Masu cewa ka kyautata zato komai zai daidaita, ban cika yarda da su ba. Kyakkyawan zato bai taɓa biya mini balas ba. Abin da ya yi mini shi ne ya tashe ni daga gindin bishiya.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, wasu abokaina sun koma majalisa jiran a janye matakin. Ni a daren na ari biro da littafin ɗiyata, na rubuta lita nawa nake ƙonawa ina yawon neman fasinja. Washegari na bi gidaje huɗu a unguwarmu, muka yi yarjejeniyar kai yara makaranta da ɗauko su, biya ƙarshen wata.